Shagon da na samo wa Baba tsofaffin fina-finai a Damagaram

Baba ne ya sa ni nema. Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da shi gida, ba shi da hira sai ta fina-finan da ya kalla a silima yana saurayi, amma sunan ko ɗaya bai riƙe ba, labarin kawai. Haka na hau kabu-kabu zuwa wani ɗan shagon tura fina-finai a gefen Kasuwar Dole, na ce wa mai shagon, "Malam, akwai wani na Indiya da 'yan'uwa uku suka ɓace wa juna suna yara, ɗaya ya tashi hannun Musulmi, ɗaya hannun Kirista..." Ban rufe baki ba ya ce, "Amar Akbar Anthony, na 1977." Nan ya saye ni.

Mutumin a ka yake riƙe da labaran. Na ce wanda ɗan fashi ya sare wa tsohon ɗan sanda hannuwa, ya ɗauko hayar ɓarayi biyu su kamo masa shi, ya ce Sholay. Shi da kansa ya ƙara mini Mother India na 1957, wai in har Baba bai yi hawaye ba in dawo in karɓi kuɗina. Uwa ce da bashin mai cin riba ya cinye gonarta, ƙarshe ta harbe ɗan cikinta don ya sace 'yar mutane. Inna ma da ta ce ba ruwanta da rawar Indiyawa, sai da tuwonta ya kama. Ya haɗa da Shaihu Umar na 1976, inda uwa ke ratsa hamada tana neman ɗanta da aka tafi da shi.

Dala 20, wato sefa 100, na biya kowane fim. Layi kuwa sai haƙuri, kwamfuta ɗaya ce, ga matasa cike da benci.

Abu biyu suka ɓata mini rai. Sholay ɗinsa mai fassarar Hausa ne, mai fassarar ya cika shi da barkwancin da babu a ciki, Baba ya yi ta tsaki. Sannan na tambayi Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, namu na Nijar da ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Burkina Faso, a 1972, labarin alhajin da ya ƙwace budurwar wani ya yi ta uku da ita. Mai shagon ya sosa ƙeya, ya ce in dawo Alhamis.