Roland RE-201: Shekara Biyu da Tsohuwar Na'urar Amsa-kuwwa a Ƙauyenmu

Na'urar nan ta girme ni, kuma daga hannun kawuna na same ta, wanda ya yi kiɗan jita a otal-otal na Sabon Garin Kano lokacin ƙuruciyarsa, kafin ya dawo ya rungumi noma a ƙauyenmu da ke kusa da Birnin Kudu. Ranar da ya jawo ta daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon zane, sai ya ce mini, "Ɗana, tun da gyaran rediyo ne sana'arka, kuma kana taɓa jita, riƙe wannan, amma ka sani ba ta jure sakaci." Na durƙusa na ce, "Na gode, Kawu, Allah ya ƙara girma." Yau shekara biyu ke nan ina aiki da ita, don haka abin da zan faɗa a kanta abin da kunnena ya ji ne, hannuna kuma ya taɓa.

Kamfanin Roland na ƙasar Japan ne ya fito da ita a 1974 da sunan Space Echo, kuma an ci gaba da ƙera ta har 1990. Duk wanda ya taɓa buɗe rikoda zai gane aikinta nan take. Zare ne irin na kaset, sai dai ya fi shi faɗi, an haɗe bakinsa biyu ya zama zobe, yana bi ta gaban wasu ƙananan kawunan maganaɗisu guda biyar: na farko ya goge abin da ke kai, na biyu ya ɗauki sautin jitar, sauran ukun kuma su karanta shi ɗaya bayan ɗaya. Jinkirin da ke tsakanin bugun tsirkiya da dawowar muryarta ya dogara ne da nisan da ke tsakanin kan ɗauka da kan karantawa, da kuma saurin tafiyar zaren. Akwai babban mamurɗi mai matakai 12 a fuskarta, wanda ke zaɓar kawunan da za su yi magana, tare da haɗa su da sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya, da ke ba sauti faɗi kamar ana kiɗa a cikin babban soro.

Idan aka ɗaga murfi, za a ga zaren ba a kan wani gare-gare yake naɗe ba, a sake yake cikin ɗan akwati mai rufin roba garai-garai, yana ta lanƙwasa yana miƙewa kamar taliya a ruwan zafi. Wannan dabara ce mai ma'ana, domin dogon zaren da ba a ɗaure shi tamau ba ya fi daɗewa bai cinye ba, saɓanin gajeren zoben da ke kan Copicat, wata na'urar amsa-kuwwa da Charlie Watkins ya ƙera a Landan a 1958.

Sautin ne ya sa na kasa rabuwa da ita. Duk maimaicin da ya dawo yakan zo da ɗan duhu fiye da na gabansa, kaifinsa ya ragu, har ya narke ya ɓace, daidai da yadda kira ke dawowa idan yaro ya ƙwala shi a tsakanin duwatsun Birnin Kudu. Dalili shi ne, ana mayar da sautin da aka karanta a sake ɗaukarsa a kan zaren, kuma a kowane zagaye zaren yana zubar da wani abu daga siririyar murya. Ga kuma 'yar rawar da sautin ke yi saboda tafiyar zaren ba ta taɓa zama daidai wa daida, abin da injiniya zai kira aibi, amma a kunnen makaɗi shi ne gishirin abin. Da daddare, idan gari ya yi tsit, nakan kaɗa salon garaya a kan jitar, in ƙara yawan maimaici har na'urar ta fara ciyar da kanta da kanta, sannan in rage gudun moto, sai muryar ta yi ƙasa ta yi kauri kamar gurnani. Da irin wannan wasa ne masu haɗa kiɗa a Jamaika suka yi suna da ita.

Mai son ya auna ta da kyau sai ya ajiye ta kusa da kishiyarta, wato Binson Echorec da aka ƙera a Milan ta ƙasar Italiya, wadda mawaƙan ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila suka yi aiki da ita. Ita wannan ba ta da zare sam. Faifan ƙarfe ne ke juyawa, gefensa yana riƙe maganaɗisu, kawunan karantawa 4 suna kewaye da shi, kuma da yake gudun motonsa ɗaya ne ba ya canzawa, jinkiri mafi tsawo bai wuce kusan sulusin daƙiƙa ba. Faifan ya fi zare natsuwa, kuma ba ya tsinkewa, amma sai an riƙa ɗiga masa mai saboda kawunan suna gogarsa, kuma saita su aiki ne na ƙwararre. Echoplex ta Amurka, wadda Mike Battle ya ƙirƙira, ta bi wata hanyar daban, inda ake zame kai ɗaya gaba ko baya don canza jinkiri.

A ganina, ga mutumin karkara irina, Roland ta fi dacewa, kuma dalilin yana cikin motonta. Moton Echoplex yana bin bugun wutar da aka ba shi, saboda haka wadda aka yi domin wutar Amurka mai bugu 60 a daƙiƙa za ta rage gudu a kan tamu mai 50, balle a kan ƙaramin janareta da ke hawa yana sauka. Ita kuwa Roland da irin wutar batir motonta ke juyawa, wadda na'urar ke tacewa a cikinta, shi ya sa ko a kan inbata da nake haɗawa da sola ba ta rikice mini.

Inda take wahalar da ni shi ne lokacin hunturu. Ƙura kan kwanta a kan kawunan har sautin ya dushe cikin 'yan kwanaki, dole in sa auduga da sifirit in goge su ɗaya bayan ɗaya, sannan in mayar da ita cikin zanenta. Robar da ke matse zaren ma na same ta ta bushe ta yi santsi saboda tsufa, kuma sai da na yi wata uku ina cigiya a Kano kafin a samo mini wata. Tana da nauyi, ba abin ɗorawa a bayan babur kullum ba ce.

Wanda ya ci karo da ita a hannun masu kayan gwanjo, kada ya biya sai ya buɗe ya ga robar da zaren da idonsa, ya saurari kowane kai shi kaɗai, sannan ya karanta rubutun da ke bayanta, domin akwai waɗanda aka yi wa kasuwar Japan masu cin bolt 100, kuma idan aka jona irinsu kai tsaye da wutarmu mai bolt 230 ba tare da taransifomar rage wuta ba, nan take za su ƙone.