Amprolium ko Enzayim ga Kaji Masu Zawon Jini

Idan ƙwayar cuta mai suna Eimeria ta shiga hanjin kaza, takan yayyaga bangonsa, har a ga jini a kashinta, ta takure a gefe ta saki fukafukai. Maganin amprolium yana tunkarar ƙwayar kai tsaye, domin yana hana ta samun bitamin B1, sai dai yawan amfani da shi yakan sa ta daina jin maganin.

Enzayim kuwa, wato sinadaran narkar da abinci da ake haɗawa a abincin kaji, irin su xylanase da protease, ba sa kashe ƙwayar. Aikinsu shi ne taimaka wa hanjin da ya ji rauni wajen narkar da abinci, xylanase kuma yana rage yauƙin da alkama ke haifarwa. A ganina, da zarar jini ya bayyana, maganin ne ya kamata a fara zubawa a ruwan sha.