Kundin Batman: Under the Red Hood, ga masu gardamar wa zai dawo mugu

Duk lokacin da aka kashe wani jarumi a littattafan labarin zane na Amurka, matasanmu masu karanta su a Jidda da Makka sai su hau hasashe: yaushe zai dawo, kuma a ɓangaren wa? Mai son ya yi wannan gardama da hujja, wannan kundi na kamfanin DC ya kamata ya fara nema.

Kundin ya tattara fitowar Batman ta 635 zuwa 641, sai 645 zuwa 650, da kuma Annual na 25, wato fitowar musamman ta shekara-shekara. Judd Winick ne ya rubuta, yawancin zanen na Doug Mahnke ne, labarin ya gudana a 2005 da 2006. Kar mai saye ya ga an tsallake 642 zuwa 644 ya ɗauka an cuce shi, wani labari ne daban. Rubutun da Turanci yake, amma mai sauƙi.

Wanda ya dawo shi ne Jason Todd, Robin na biyu, wato yaron Batman mai taya shi faɗa, ya dawo da rufaffiyar fuska da sunan Red Hood. A 1988 masu karatu ne da kansu suka yanke masa hukunci ta wayar tarho, ƙuri'a 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce a bar shi, tazarar 72 kacal. Joker, babban abokin gabar Batman, ya lakaɗa masa duka da ƙarfe, bam ya ƙarasa shi. Dawowarsa ta rushe ƙa'idar da masu hasashe ke ji da ita, wai in ba a ga gawa ba to mutum bai mutu ba. Ƙa'idar ta yi aiki a kan Bucky Barnes na Marvel, wanda Ed Brubaker ya dawo da shi a matsayin Winter Soldier a 2005. Shi kuwa Jason, Batman ya ɗauki gawarsa da hannunsa, an binne shi.

Ƙarfin kundin yana wajen dalilin muguntar. Jason bai riƙi Batman da laifin kasa cetonsa ba. Abin da ke cin ransa shi ne ya taso ya tarar Joker na nan da ransa. A fitowa ta 650 an haɗa su uku a ɗaki guda, Jason ya ba maigidansa Batman bindiga ya ce ya zaɓa tsakanin shi da Joker. Shafukan nan kaɗai sun biya kuɗin littafin. Saboda haka in za ka yi hasashen wane mamaci zai dawo mugu, duba wanda ya bar ƙorafi a kan na raye, da kuma sabon mai rufe fuska da ya san salon faɗan jarumin fiye da kima. Alama ta biyun ta bayyana tun fitowar farko.

Inda ya yi rauni shi ne yadda aka tashe shi. Annual na 25 ya ce Superboy-Prime, wani mai ƙarfi irin na Superman, shi ne ya naushi bangon halitta, tarihi ya goce, Jason ya farka a kabari, daga baya Talia, 'yar mugu Ra's al Ghul, ta jefa shi cikin ramin Lazarus mai ruwan warkarwa hankalinsa ya dawo. Wanda bai karanta Infinite Crisis ba, wato wani labarin DC da wannan sashe ya dogara a kansa, zai ruɗe, kuma da gaskiyarsa. A bar wannan sashe sai ƙarshe, a fara da A Death in the Family, wato Batman 426 zuwa 429, inda aka kashe Jason.

Mai bango mai laushi da gam aka haɗa shi, ba ɗinki ba, ga shi da kauri. In aka bar shi cikin mota a ranar Makka gam ɗin zai saki, shafukan tsakiya su fara zubowa. Danshin Jidda kuma yana sa takarda ta yi kumburi. A ajiye shi tsaye cikin leda, a ɗaki mai iyakwandishan, kar a danne shi a buɗe. Kafin biya a duba ƙashin bayan ko ya tsage, a kuma karanta jerin lambobin da ke bangon baya, domin akwai tsohon bugu mai suna Under the Hood da aka raba gida biyu.

Iyaye su lura: tun fitowar farko akwai jaka cike da kawunan mutane. Ba na ƙananan yara ba ne.