Layin wayar hukumar sufuri: inda yake biyan buƙata da inda yake cinye lokaci

Layin wayar hukumar da ke ba da lasisin tuƙi da rajistar motoci yana da amfani guda ɗaya da babu abin da ya kai shi: gano inda takardarka ta maƙale. An biya kuɗi, an ɗauki hoto, makonni sun shuɗe shiru. Ma'aikacin da ke gaban kwamfuta zai iya gaya maka ko sunanka ne bai dace da na katin shaidarka ba, ko kuɗin ne bai shiga ba, ko kuma an riga an buga katin yana hanya. Wannan kaɗai ya isa a yaba wa layin. Sauran ayyukan da ake ɗora masa kuwa, yawanci jan lokaci ne kawai.

Tuntuɓen farko tun kafin a danna lamba yake faruwa, domin kalmar "hukumar sufuri" ba gida ɗaya take nufi ba. A Birtaniya, DVLA da ke Swansea ce ke da lasisi da rajistar mota, amma jarrabawar tuƙi a Ingila da Scotland da Wales ta DVSA ce. A Amurka ma'aikatar sufuri ta tarayya ba ta ba direban gida lasisi. Aikin jihohi ne, wasu suna kiran ofishin DMV, wasu wani sunan daban. Kusan ko'ina haka abin yake a rarrabe: mai lasisi daban, mai gyaran hanya daban, mai karɓar tara daban. Wanda ya kira gidan da ba nasa ba, zai yi jiran banza, a ƙarshe a karanta masa wata lambar. Lambar da ta fi inganci ita ce wadda ke jikin wasiƙa ko rasit ɗin da hukumar ta ba ka. Wadda ta fara fitowa a saman binciken intanet sau da yawa talla ce, kuma akwai masu kafa layin da zai haɗa ka da hukumar yana zuƙe maka kuɗi kowane minti, ban da 'yan damfara masu neman lambar sirrin katin banki. Hukuma ba ta da abin da za ta yi da lambar sirrinka.

Sai na'urar da ke amsa kira, mai "danna ɗaya, danna biyu". A nan yawancin layukan suke faɗuwa jarrabawa. An tsara zaɓin ne bisa sassan ofis, ba bisa matsalar mai kira ba, shi ya sa wanda ya sayi mota hannu na biyu aka ƙi sauya masa suna ba ya sanin ko "rajista" zai bi ko "mallaka". Kowace lamba da ka danna sauti take aikawa, na'urar ta saurara ta fassara. Idan sabis yana rawa ko ka yi saurin dannawa, lamba ɗaya takan faɗi, sai a ce ba a gane ka ba. Danna a hankali, kuma idan an ce ka rufe da alamar #, ka rufe. Na'urorin da ke sauraron murya kuma ba sa son lasifika a buɗe: hon ɗin mota ko kukan yaro sai su ɗauke shi a matsayin amsa. Dabarar nan ta danna sifili don a haɗa ka da mutum tana ci a wasu layukan, a wasu kuma mayar da kai farko take yi, ko ta katse kiran gaba ɗaya.

Jira shi ne abin da kowa yake kuka da shi, kuma ba kullum lalacin ma'aikata ba ne. Lissafi ne da wani masani ɗan ƙasar Denmark, A. K. Erlang, ya fitar a kamfanin wayar Copenhagen tun farkon ƙarni na 20, har yau kuma da shi cibiyoyin amsa kira suke auna yawan ma'aikata. A ɗauka ma'aikata 10 ne, kowane kira yana cin minti 6. Iyakar ƙarfinsu kira 100 a awa. Idan kira 80 suka shigo, matsakaicin jira bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba. Idan suka kai 95, jiran ya doshi minti 10. Da sun haura 100, layi ba zai ƙara raguwa ba sai dai mutane su gaji su kashe. Ka ga ƙarin kira 15 kacal ya ninka jira kusan sau takwas. Wannan ne dalilin da ya sa safiyar ranar farko ta mako, da ranar da ta biyo bayan hutu, da ƙarshen wata lokacin da takardu ke ƙarewa, suka zama lokutan da mai hankali ke kauce musu. Tsakiyar mako, da an buɗe ko bayan an dawo daga hutun rana, ya fi sauƙi. Kuma kashewa a sake kira ba wayo ba ne, wutsiyar layi za ka koma. Inda aka ba da zaɓin a kira ka daga baya, karɓa, amma ka bar wayar a kusa da caji; kiran yakan zo da ɓoyayyiyar lamba, wayoyi da yawa kuma suna toshe irinta.

Da an ɗauka, aiki ya koma hannun mai kira. Za a tantance ka da cikakken suna yadda yake a takarda, ranar haihuwa, adireshin da hukumar ta sani (ba wanda ka koma bara ba), lambar lasisi ko ta mota. Idan maganar mota ce, ajiye lambar shasi a gabanka. A motocin zamani haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu I, babu O, babu Q a ciki. Abin da ya yi maka kama da O sifili ne. B da D, M da N, su ne ke rikicewa a waya, don haka haɗa kowane harafi da kalma. Kira a madadin wani kuwa, ko mahaifinka ne, galibi ba za a buɗe maka bayanansa ba sai yana kusa ya yi magana da bakinsa.

Nagartar ma'aikaci tana bayyana ne a wajen tura kira. Nagari yakan riƙe ka, ya yi wa ɗayan sashen bayani, sannan ya haɗa ku. Wanda ba ruwansa sai ya wurga ka wani layin ka sake labari daga tushe, idan ma kiran bai tsinke a hanya ba. Kafin a tura ka, tambayi sunan sashen da lambarsa ta kai tsaye. Kafin a yi sallama kuma, nemi lambar da aka yi wa ƙorafinka, ka rubuta ta tare da rana da lokaci da sunan da ma'aikacin ya ba ka, ka tambayi kwana nawa na aiki za a ɗauka. "Ana kan dubawa" ba amsa ba ce; tambayi wane mataki ake, kuma me ake jira daga wajenka.

Akwai abin da waya ba za ta taɓa yi ba: gwajin ido, ɗaukar hoto da zanen yatsa, duba jikin mota. Ɗaukaka ƙara kan tara ma a rubuce ake yin sa, cikin wa'adin da ke jikin takardar, kuma wa'adin ba ya tsayawa don wani ma'aikaci ya ce maka kada ka damu. Duk alƙawarin da aka yi maka a waya wanda ya shafi kuɗi ko wa'adi, roƙi a turo maka shi ta imel ko saƙon tes kafin ka ajiye.