Gwajin gado, bitamin ko likitan ido: wanne za ka fara saya don tsoron ciwon makula?

Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka kai shekarun da fuskar jika take ɓace musu alhali suna ganin bangon ɗaki, ya san fargabar da ake magana. Ciwon yana kama makula, wato ɗan wurin da ke tsakiyar tantanin bayan ido, wanda da shi ake karatu da gane fuskoki. Yakan fara bayan shekara 50, kuma yana bin jini. To, mai wannan fargaba in ya shiga intanet, abu uku ake tallata masa: gwajin yawu na ƙwayoyin gado, ƙwayoyin bitamin na ido, da zuwa a duba idon kansa.

Gwajin gadon ya fi ɗaukar hankali, kuma ba ƙarya ake sayarwa ba. A 2005 masu bincike suka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna CFH, a kuromosom na 1 (kuromosom shi ne ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), yana ƙara haɗarin ciwon. Ba a jima ba aka gano yankin ARMS2 da HTRA1 a kuromosom na 10. Wani babban bincike da aka wallafa a 2016 ya kai lissafin zuwa sauye-sauye 52 a wurare 34. Amma duba abin da ake sayar maka: gwajin gida irin na kamfanin 23andMe biyu kawai yake dubawa daga ciki, Y402H na CFH da A69S na ARMS2. In ya ce ba ka da su, ba a wanke ka ba. In ya ce kana da su, ba a yanke maka hukunci ba, domin mutane da yawa suna ɗauke da sauyin CFH har su tsufa idanunsu garau.

Akwai kuma wata matsala da tallan ba ya faɗa. Yawancin binciken a kan mutanen da asalinsu Turai ne aka yi shi. Sauyin Y402H ba baƙo ba ne a tsakanin 'yan asalin Afirka, amma mummunan matakin ciwon bai yawaita a cikinsu kamar a Turawa ba. Ke nan lissafin haɗarin da takardar za ta ba ka, ba lallai da ma'auninka aka auna shi ba. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta daɗe tana cewa kada a riƙa yin wannan gwaji haka kawai, kuma dalilinta mai sauƙi ne: sakamakon ba ya canza abin da likita zai yi maka. Ko allurar pegcetacoplan da Amurka ta amince da ita a 2023 don matakin ƙarshe na busasshen nau'in ciwon (ciwon nau'i biyu ne: busasshe mai tafiya a hankali, da jiƙaƙƙe mai tsiyayar ruwa ko jini a bayan ido), wadda take aiki a kan tsarin garkuwar jikin da CFH ke cikinsa, hoton ido ake dubawa kafin a ba da ita, ba takardar gado ba. Ka kuma tambayi kanka ina bayanan yawunka za su kwana. Kamfanin 23andMe ya shiga shari'ar karyewar arziki a Maris na 2025, masu hulɗa da shi suka shiga tambayar wa zai gaji bayanansu.

Bitamin fa? Nan ne kuɗi suka fi zubewa a banza. Haɗin da ke da hujja shi ne na binciken AREDS na 2001 da AREDS2 na 2013, waɗanda cibiyar binciken ido ta gwamnatin Amurka ta gudanar. Sabon haɗin, wato na AREDS2, a kullum: bitamin C miligiram 500, bitamin E ma'aunin IU 400, zinki miligiram 80, jan ƙarfe miligiram 2, lutin miligiram 10, ziyazantin miligiram 2. Ya rage haɗarin kaiwa mummunan mataki da kusan kashi 25 cikin 100, amma ga waɗanda ciwon ya riga ya kai matsakaicin mataki, ko ya cinye ido ɗaya. Ba rigakafi ba ne ga mai lafiyar ido, komai tarihin gidansu. In likita ya ce ka sha, juya kwalbar ka karanta. Tsohon haɗin yana da bita-karotin, wanda aka danganta da sankarar huhu ga masu shan taba da waɗanda suka taɓa sha, shi ya sa aka cire shi. Man kifi kuwa, da aka gwada shi a AREDS2, bai ƙara komai ba. Za ka ga masu cewa a yi gwajin gado don a san ko zinki zai dace da kai. An yi wannan muhawara, kuma masu binciken AREDS da suka sake duba bayanansu ba su ga dalilin hakan ba.

Ni a ganina kuɗin farko na likitan ido ne. Zai ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido ya leƙa ciki, ya nemi ɗigo-ɗigon rawaya da ake kira durusen, in da hali ya ɗauki hoton OCT mai nuna tantanin hawa-hawa. Wannan yana faɗa maka abin da ke faruwa yau. Ka gaya masa wanda ya yi ciwon a danginku, domin wannan bayanin gado ne da ba ka biya ko sisi ba. Mai shan taba kuwa ya sani cewa ita kaɗai tana ninka haɗarin aƙalla sau biyu, kuma ita ce ake iya bari.

Saura katin Amsler, takarda mai layuka a gicciye da ɗigo a tsakiya, wadda ake iya bugawa kyauta. Ka rufe ido ɗaya ka kalli ɗigon, sannan ka sauya. Ranar da layukan suka lanƙwashe ko wani wuri ya ɓace, kada ka jira ranar da aka sa maka. Yana iya zama alamar jiƙaƙƙen nau'in, mai saurin ɓarna, kuma allurar cikin ido irin su ranibizumab da aflibercept ta fi ceto gani idan an fara ta da wuri.