Shagon Tsofaffin Kuɗi a Kasuwar Kurmi da Kundin da Na Saya

A wani lungu na Kasuwar Kurmi da ke Kano akwai wani ɗan ƙaramin shago da ake sayar da tsofaffin kuɗi, tun daga anini da kwabo mai huda na zamanin Turawa har zuwa takardun kuɗin ƙasashen Afirka da aka daina karɓa. Na je ne da niyyar sayen 'yan tsabar kuɗi domin in nuna wa 'ya'yana, amma na koma gida da kundi guda na tsofaffin takardun kuɗi, kuma ban yi nadama ba.

Mai shagon dattijo ne mai haƙuri, ba ya gajiya da tambaya, kuma ya san kayansa ciki da bai. Da na ɗaga takardar sidi ta Gana ta 1965 mai hoton Kwame Nkrumah, sai ya ce, "Malam, wannan yana kan mulki aka buga ta." Sojoji sun kifar da gwamnatinsa a watan Fabrairun 1966, a 1967 kuma aka fito da sabon sidi wanda babu fuskarsa. A shafi na gaba akwai shilin Kenya mai hoton Jomo Kenyatta da mai hoton Daniel arap Moi, kowanne an buga shi yana kan kujera, har sai da tsarin mulkin ƙasar na 2010 ya hana sanya hoton mutum a kan kuɗi.

Shafin Najeriya ne ya fi tsayar da ni. Janar Murtala Muhammed ya hau Naira 20 a 1977, shekara guda bayan an kashe shi, Sardauna Ahmadu Bello kuwa bai hau Naira 200 ba sai a 2000, shekaru 34 bayan rasuwarsa. Na fi gamsuwa da wannan al'ada ta jira sai bayan rasuwar shugaba kafin a sa hotonsa a kan kuɗi, domin kuɗi yana shiga hannun wanda ya zaɓi shugaba da wanda ya ƙi shi, kuma idan aka ɗora fuskar mai ci a kansa, takardar ta koma tamkar fostar yaƙin neman zaɓe da aka tilasta wa kowa ɗauka a aljihu, sannan ranar da ya sauka a sake kashe dukiyar talakawa wajen buga wata.

Kundin yana da nakasu. Ledar da aka saka takardun a ciki ba ta da ƙwari, babu rubutun shekara ko sunan ƙasa a ƙarƙashin kowace takarda, kuma ba a ba da rasit, farashi ma sai yadda ciniki ya kaya. Duk wanda zai je ya tafi da safe, ya ɗaga kowace takarda ya duba ta a haske kafin ya biya, domin takardar Zayar (Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yanzu) mai hoton tsohon shugabanta Mobutu da aka ba ni ta yage a gefe, ban kuma lura ba sai da na isa gida.