British Boot Camp zango na biyu: 'yan resilin marasa uban gida a gaban alƙalai

Duk wanda ya taso yana kallon resilin a gidan kallo manyan kawai ya sani: su Undertaker, su John Cena, su Rey Mysterio, mutanen da sai an saki kiɗa an kunna wuta sannan su fito. Na ƙasa da su, masu yawo gari-gari suna wasa a ƙananan zaurukan taro a gaban 'yan ɗaruruwan mutane, a sallame su da kuɗin mota da ɗan abin da ba a rasa ba, ba ma ganinsu. Su ne British Boot Camp ya ɗauko ya ɗora a talabijin. Shirin na kamfanin resilin na TNA na Amurka ne, tashar Challenge ta Birtaniya ta nuna shi, zango na farko a farkon 2013, na biyu a ƙarshen 2014. Na biyun na bi daga farko har ƙarshe a waya, kuma a kansa zan yi magana. Tsohon shiri ne, amma tsufan ya ƙara masa armashi, tunda yanzu mun san inda kowa ya ƙare.

Tsarinsa ba shi da sarƙaƙiya. Alƙalai 3 ne: Al Snow, Gail Kim da Samoa Joe, dukkansu 'yan wasa ne da suka daɗe suna cin ƙasa a sana'ar. Suka zagaya Glasgow da Manchester da Landan suna tantance mutane. Da farko mutum zai tsaya gabansu ya gabatar da kansa da baki, in ya burge su a wuce da shi dandali a ga abin da jikinsa zai iya. Waɗanda suka tsallake aka haɗa su wasa a York Hall, tsohon zauren damben nan na gabashin Landan, a gaban 'yan kallo. Daga nan aka ɗebi 6 zuwa Amurka, aka rage su zuwa 3, aka ba ɗaya kwantiragi.

Abin da ya sa na fifita shi a kan Tough Enough, irin wannan shiri na babban kamfanin resilin WWE, wanda aka fara a 2001, shi ne su waye ke takarar. Can sau da yawa sabon shiga ake kawowa, mai ƙirar jiki da kyan fuska, a fara koya masa yadda ake faɗuwa. Nan kuwa kusan duk wanda ya shigo ya riga ya shekara da shekaru yana yi. Rampage Brown da Martin Stone har sun taɓa zama a makarantar horon WWE a Amurka aka sallamo su. Dave Mastiff ya gama zagaye Ingila. Saboda haka ba kallon 'yan koyo kake yi ba, kallon ƙwararru kake waɗanda sana'ar ba ta riƙe su ba tukuna, wasu ma da wani aikin suke haɗawa. Idan irin wannan mutum ya tsaya gaban Samoa Joe murya tana rawa, ka san ba wasan kwaikwayo ba ne duka.

Akwai tambayar da abokaina ke yi duk lokacin da na kawo zancen shirin: tunda resilin tsara shi ake yi, an san wanda zai ci tun kafin a shiga, to me alƙalan ke dubawa? Amsar wannan ita ce mafi daɗin abin da shirin ya ba ni. Ba wanda ya kayar ake nema ba. Ana duba yadda kake faɗuwa: ka sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ka shimfiɗa bayanka gaba ɗaya lokaci guda, ka doki dandalin da hannaye biyu don nauyin ya watsu kuma ƙarar ta kai kujerar baya. Dandalin nan katako ne a kan ƙarfe da 'yar katifa siririya, ba gadon otal ba. Ana duba yadda kake kare abokin wasanka, don idan ka ɗaga mutum sama wuyansa amana ce a hannunka. Ana duba ko in an doke ka za ka nuna zafin har ɗan kallo ya ji a jikinsa, ko kuwa za ka miƙe tsaye kamar ba a yi komai ba ka ɓata wa ɗan uwanka aiki. Sai kuma fuska. Al Snow ya fi kowa matsa wa mutane a kan wannan: kai akta ne ko bos, kuma me zai sa in ciro kuɗina in zo kallonka? Wanda ya iya tsalle-tsalle goma amma ya kasa amsa wannan, gida yake komawa.

Zagayen magana da baki shi ya fi kama da abin da muka sani. Ɗan damben da ya fito fili ya yi kirari, tun kafin ya kai hannu ka riga ka san ko za ka bi bayansa ko kana jiran ka ga an zubar da shi. Haka abin yake a nan. Wasu sun shigo da jiki kamar an sassaƙa, suka buɗe baki sai iska. Nikki Storm kuwa, 'yar guntuwar mace daga Glasgow, ta shigo da tsiwa da cika baki har sai da ta cika ɗakin ita kaɗai.

Sai Grado. Ba yadda za a yi sharhin wannan zango a tsallake shi, don rabin shirin nasa ne. Ɗan Sikotlan ne, ga tumbi, ga matsattsiyar rigar wasa, ga 'yar jaka ɗaure a ƙugu, yana rawa yana zolaya. In ka gan shi a hanya ba za ka ce ɗan wasa ba ne. Amma mutanen garinsu suna mutuwar sonsa, kuma tun kafin shirin ya yi suna a kamfanin ICW na Glasgow. Ya makara zuwa wani zagaye, Al Snow ya fatattake shi, shi kuma ya ƙi haƙura, ya dinga naci har aka sake ba shi dama. Na yi dariya sosai, ba zan ɓoye ba. Sai dai a nan ne shirin ya fara ba ni haushi. An ce mana gasa ce ta gaske, mutane sun bar ayyukansu sun zo neman abinci, sai ga rigima wadda kana gani ka san da hannun masu shiri a ciki. Shaida kuwa, a Janairun 2015 aka haɗa Grado da Al Snow wasa a babban zauren Hydro na Glasgow, lokacin da TNA ta zo rangadinta na Birtaniya. Wato rigimar talla ce ta tikiti. Dabara ce mai kyau a kasuwance, kuma ta ci. Amma duk mintin da aka kashe a kanta an ɗauke shi ne daga wani da ya zo da gaske, aka nuna shi na ɗan lokaci aka wuce. Daga nan kuma sai zuciyarka ta fara zargin komai: wannan faɗan da alƙali ya yi, na gaske ne ko an rubuta? Wannan hawayen fa?

Abu ɗaya da ba wanda ya rubuta shi ne na Kris Travis. Yana cikin waɗanda suka cancanci tafiya Amurka, sai aka gano yana da kansar ciki, dole ya janye, Grado ya maye gurbinsa. Ya yi jinya, ya ɗan dawo wasa, cutar ta sake tasowa, ya rasu a 2016 yana da shekara 32. Kallon wasansa yanzu, da ƙarfinsa da saurinsa, kana sane da abin da ke tafe, yana da nauyi.

Kashin York Hall shi ne ƙololuwar shirin a wurina. Zauren ƙarami ne, 'yan kallo sun san 'yan wasan tun daga ƙananan wurare, suna kiran sunayensu suna waƙa irin ta 'yan ƙwallo. A nan za ka ga Mastiff da duk girman jikinsa ya kwaso gudu ya dunƙule ya faɗa kan mutum a kusurwa. A nan za ka ga Noam Dar, yaro ɗan shekara 21, yana murɗe ƙafa cikin natsuwa kamar wanda ya yi shekara 20 yana yi. Ƙorafina kawai almakashin masu tace hoto ya yi yawa. Wasa yana ɗaukar zafi sai a yanke a kai ka fuskar alƙali yana gyaɗa kai. Mutanen nan wasa suka zo nunawa, a bar mu mu gani mana.

Da aka koma Amurka sai wutar ta ragu. An haɗa su da 'yan wasan TNA, wanda daidai ne, amma 'yan kallon can ba su san su ba, kuma resilin ba tare da ihun jama'a ba lami ne. Ukun ƙarshe su ne Mark Andrews, Kay Lee Ray da Rampage Brown, kuma Andrews ya ci. Ɗan Cardiff ne, ƙaramin jiki, ɗan shekara 22 a lokacin. Makaminsa shi ne ya hau saman igiya ya yi tsalle gaba alhali jikinsa na juyawa da baya a iska, ya sauko da ƙirji a kan abokin wasa. Sau da yawa na mayar da hoton baya don in ga yadda yake yi. Ban ce bai cancanta ba. Amma da ni ke da ƙuri'a Kay Lee Ray zan ba, don ita ce ba ta da rauni ta kowane ɓangare: ta iya faɗuwa, ta iya duka, ba ta da tsoro, kuma ba ta taɓa yin kamar baƙuwa a dandalin ba.

Kyautar kanta fa? A daidai lokacin TNA tana cikin tangal-tangal. Yarjejeniyarta da tashar Spike ta ƙare a ƙarshen 2014, ta koma Destination America wadda ba ta kai ta yawan masu kallo ba. Andrews ya shiga, aka canza masa suna zuwa Mandrews, aka jefa shi cikin masu ƙananan jiki, ba a yi wani abin kirki da shi ba. Sai da ya koma WWE ta gasar Birtaniya ta Janairun 2017 tauraronsa ya haska. A Agustan 2019, a garinsu Cardiff, ya ɗauki kambun 'yan bibbiyu na NXT UK, reshen WWE na Birtaniya a lokacin, tare da Flash Morgan Webster, kuma a wannan daren Kay Lee Ray ta karɓe kambun mata daga hannun Toni Storm, ta riƙe shi kwana 649. Nikki Storm da ba ta ko kai Amurka a shirin ba ita ce Nikki Cross, wadda ta ɗauki kambun mata na Raw, ɗaya daga manyan shirye-shiryen WWE, a 2021. Noam Dar ya shiga WWE tun 2016. Martin Stone ya koma WWE da sunan Danny Burch ya ci kambu a reshenta na NXT. Wannan ba sabon abu ba ne a irin waɗannan shirye-shirye. The Miz na biyu ya zo a Tough Enough na 2004, ya zama zakaran WWE a 2010. Brian Cage ya faɗi a Gut Check, gwajin neman kwantiragi na TNA, a 2013, ya dawo ya ɗauki babban kambun kamfanin a 2019. Abin da na fahimta, shirin ya fi amfanar su a matsayin talla fiye da gasa: an haska fuskokinsu a tashar da ake kama ta kyauta a Birtaniya, masu shirya wasanni suka ga suna, farashi ya ɗaga. TNA ta tara gwanayen ƙasa guda a ɗaki ɗaya, ta ɗauki kaɗan, WWE ta zo daga baya ta kwashe sauran.

Ga mai son kalla, ga abin da ya kamata ya sani. Turancin 'yan Sikotlan, musamman na Grado, sai ka kasa kunne sosai, wani wurin ma sai dai ka bi da fuska. Akwai zage-zage, kuma shigar 'yan wasan, maza da mata, irin ta resilin ce, don haka ba abin kunnawa a falo gaban yara ko iyaye ba ne. Kashi-kashin gajeru ne, ba sa cin data sosai idan ka rage ƙarfin hoto, sai dai a ƙaramin hoto ba za ka ga ƙananan abubuwan da alƙalai ke magana a kai ba, irin inda ƙafa ta sauka ko yadda hannu ya tallafi wuya.

Wanda resilin a wurinsa shi ne fitowar manya da wuta da hayaƙi, zai gaji tun a kashi na biyu. Wanda kuma ya taɓa tambayar kansa yadda ake jefa mutum daga saman igiya ya tashi lafiya, ya fara da zagayen tantancewa na garuruwa ukun, ya kalli na York Hall a natse. Na Amurka ko ya gaggauta shi bai yi asarar komai ba, in ban da wasannin ukun ƙarshe.